Kunnuwan Rana a Fakon Roni

Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kun tarar ana ce mini Ladan, kuma na san abin da ake gaya muku a gidajen biki. Wai boko ne ya ƙi ni, na dawo ƙauye na raɓe a jikin masallaci. Wasu ma cewa suke yi tsoron jirgin sama ya hana ni fita waje karatu. Na daɗe ina jin wannan ina dariya, don masu faɗar ba a gabansu aka yi ba. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, waɗanda suka ga abin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka gara ku ji daga bakina. Shekara ɗaya ce ta juya ni, shekarar da muka kafa kunnuwan rana a fakon da ke bayan ƙauyenmu, can cikin duwatsun Roni.

A lokacin yaƙi ya ƙare, an canja kuɗi daga fam zuwa naira, arzikin fetur ya fara shigowa, jami'o'i suna ta sayen kayan aiki kamar ba gobe. Ni kuwa na gama karatun kimiyya, aka riƙe ni ina taimaka wa wani malami ɗan Indiya da kowa ke ce wa Dakta. Siririn mutum ne mai saurin magana, ba ya cin nama, kuma babu abin da ya dame shi a duniya kamar rana. Ba haskenta ba, ba zafinta ba, ƙararta. Shi ya koya mini cewa rana tana watso igiyar rediyo kamar yadda gidan rediyo ke yi, sai dai tata babu waƙa babu labarai, shuuu ce kawai, kuma wani wuri a fuskarta ya fi wani ƙara. Burinsa ya zana taswirar wuraren nan. A birni kuwa abin ba ya yiwuwa, don motoci da injina da wayoyin lantarki suna danne muryar. Wata rana yana ta ƙorafin ya rasa wuri mai shiru, sai na buɗe baki na ce ai garinmu ko ƙwan lantarki ba a taɓa gani ba, ga duwatsu sun kewaye shi. Kafin sati ya zagayo muna cikin motar jami'a mun wuce Kazaure.

Da izinin dagaci muka samu fakon, wurin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Muka kafa sanduna a jere daga gabas zuwa yamma, layi ɗaya miƙe sambal, mai tsawon da in ka tsaya a wannan kai ba ka gane mutumin da ke wancan kai. A kan kowace sanda akwai eriya mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, tana kallon sama. Wayoyi suka taso daga kowace suka haɗu a wani ɗan ɗakin kwano, inda muka ajiye akwatin karɓa da batura da lasifika, da wata allura mai tawada da ke zane a kan takarda mai tafiya. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Eriya ɗaya tana jin sama duka a dunƙule, ba ta iya ce maka ga inda ƙara ta fito. Amma in ka haɗa da yawa da wayoyi masu tsawo ɗaya, sai jinsu ya tsuke ya koma siririyar tsaga a sama, daga kudu zuwa arewa, ta bisa kanka. Ba mu muke bin rana ba, ita ke zuwa ta ratsa tsagar, gefenta ya shiga, tsakiyarta ta shiga, ɗaya gefen ya fita, allura tana hawa tana sauka. Daga hawa da saukar nan ake gane wane ɓangare nata ke tafasa. Kuma tunda tsagar a tsakiyar sama take, aikin duk na lokacin zawali ne, sa'ad da rana ta tsaya. Mun bar wa makiyaya burtalinsu, muka binne waya a ƙarƙashinsa, muka roƙi masu babur biyu da ke garin kada su tayar da shi da tsakar rana. Yara ne suka fara ce wa abin kunnuwan rana, sunan ya bi shi.

To, sai ku san waye kakanku. Baba shi ne ladanin garinmu tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa kiran azahar da agogo ba. Akwai wani wuri a gaban masallaci da ƙafarsa ta shafe ya yi sumul. Nan zai tsaya ba takalmi, ya juya wa rana baya, ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, ya san taki nawa take yi a kowane wata. Asuba da magariba kowa shaida ne, lisha tana bin magariba, la'asar kuwa in ya san zawali ya san yawan karatun da zai yi kafin ta yi. Azahar ce abin alfaharinsa. Wani alhaji ya taɓa kawo masa agogon bango tsaraba, ya yi godiya, ya miƙa wa Inna ta jera a cikin kwanukanta. Yakan ce agogo bawa ne, abin da aka saita masa yake faɗa, rana kuwa ba ta karɓar umarnin kowa sai na Mai ita. Ni da na yi karatu na san akwai gaskiya a maganar, don zawali yana matsawa gaba da baya a cikin shekara, agogo bai sani ba. Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, ni ne ɗan farinta, saboda haka tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ba ni tuwo sai ta ce a miƙa wa wancan. In tana son gaya mini magana sai ta fuskanci bango ta gaya masa, ni kuma in tsinta.

Ba a jima ba zance ya tashi a gari. Aka ce ɗan ladan da wani baƙo suna shiga ɗakin kwano daidai lokacin da kowa ke neman inuwa, su sunkuya a gaban akwati suna sauraron rana. Wasu suka ce duba muke yi, wasu suka ce bauta ce. A bakin rijiya aka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na ji haushi ƙwarai, har na so in tsaya a kasuwa in yi musu bayani, Dakta ya ce in bari. Baba bai tsawata mini ba, ya dai daina tambayata aiki, kuma wannan ya fi mini zafi. Sau ɗaya kawai ya taɓo zancen, muna cin abinci a zaure.

"Abin da Allah bai ba ka kunnen jinsa ba, me kake nema a cikinsa?"

Na ce masa Allah bai ba mu idon ganin ƙwayar cuta ba, amma likita yana dubawa da gilashi. Ya ce in ci tuwona.

Abin da ban sani ba, ni da nake can ina kallon sama, shi ne yanar ido ta fara rufe idon Baba. Inna ta sani, ta rufa masa asiri. Ya daɗe yana lalube, yana auna inuwa da ɗan dishi-dishin da ya rage masa da kuma zafin da yake ji a wuyansa. Da damina ta yi tsakiya, wata rana hadari ya rufe sama tun safe, babu inuwa babu zafi. Baba ya ƙiyasta, ya hau dakali ya kira azahar, mutane suka bar gonakin kusa suka zo aka yi salla. Ana sallamewa gajimare ya yaye, kowa ya ga inuwa ko karkata ba ta yi ba. Liman ya ce a dakata a sake. Babu wanda ya ce wa Baba uffan, amma ya ji shirun. Ya dawo gida ya zauna a zaure, la'asar ta yi bai fita kira ba, magariba ma haka. Wani saurayi mai agogon hannu ya karɓi kiran.

Liman, tsoho mai sanyin hali kuma abokin Baba tun suna makarantar allo, ya zo har gida. Ina daga gefe ina jin su. Ya ce masa kuskure na ɗan Adam ne, kuma ko a zamanin Manzon Allah akwai ladan makaho da ake gaya masa lokaci ya kira, saboda haka a sa amintaccen mutum ya riƙa duba masa. Baba ya ce:

"Allah ya gafarta malam, na sani ya halatta. Amma tun ina saurayi abin da na shaida da kaina nake shelanta wa mutane. Yanzu in hau dakali in faɗi abin da aka gaya mini? Ba zan iya ba."

Haka damina ta ƙare. Mutumin da muryarsa ke kaiwa har rugar da ke bayan dutse ya koma sai ka matso kafin ka ji sallamarsa. Yana zuwa masallaci ya tsaya a sahun baya, ya dawo ya zauna. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Na tabbata a raina in aka ci gaba a haka ba zai ga wata damina ba, kuma tsoro ya kama ni. Wata safiya ina ɗaura takalmi zan tafi fako, Inna tana tankaɗe, ta dubi bango ta ce wasu suna daji suna sauraron rana, mutum yana narkewa a zaure.

Maganar ta bi ni har ɗakin kwano. Na zauna ina juya ta, sai na tuna ranar da Baba ya yi kuskure. A ranar ina nan a wurin, sama a rufe ruf, amma allurata ta hau ta sauka a kan lokacinta kamar kullum, don gajimare ba ya tare igiyar rediyo. Kuma ba allura kaɗai ba, lasifika ma tana faɗa, ga duk mai kunne. Ban je wa Baba kai tsaye ba, na san halin kayana. Na je wa Liman, na durƙusa na roƙe shi ya zo ya gani. Ya zo da carbinsa, ya zauna, ya saurara, ya yi mini tambayoyi. Shin abin yana faɗin gaibu? Na ce a'a. Shin yana ba da sa'a ko rashin sa'a? Na ce ko kaɗan. Shin muna roƙon ranar wani abu? Dakta da kansa, da gurguwar Hausarsa, ya ce shi awo kawai yake yi. Liman ya ce to ai tsawa ma muna jin ta, ba wanda ya ce mun bauta mata. Shi ya lallashi Baba ya zo ya ji da kunnensa, ban san da wace magana ba.

Da kaka ne, an gama yankan gero, sama tas. Na riƙo hannun Baba har fako, yana tafe yana cewa don girman Liman kawai ya zo. A ƙofar ɗakin akwai wani dandamalin siminti da muka ja layi a kai daga kudu zuwa arewa, muka kafa ƙusa a tsaye, da shi muka saita sandunan tun farko. Liman ya tsuguna a nan yana kallon inuwar ƙusar. Baba ya zauna a ciki a kan kujerata, ya juya wa ƙofa baya. Dakta ya cire takalmi ya raɓe a lungu. Na kunna lasifika. Baba ya karkata kai, ya ce wannan ai yayyafi ne a kan kwano. Can ƙarar ta ɗan taso ta kwanta, ta sake tasowa ta kwanta, don akwai ƙananan tsagogi kafin babbar. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu, ya ce ya gane, waɗannan 'yan rakiya ne. Sai babbar ta taso, ta cika ɗakin, ta yi tsaye. Na ga yatsun ƙafarsa suna motsi a ƙasa kamar mai auna taki.

"Ta tsaya," in ji Baba.

Daga waje Liman ya ce, "Inuwa ta hau layi."

Baba ya ci gaba da sauraro har ƙarar ta kwanta. Sannan ya shafa fuska ya yi tasbihi, ya ce ashe duk shekarun nan tana magana. Amma kada ku zaci nan take ya yarda. Ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba. Kullum sai mun koma, shi a ciki, Liman ko wani dattijo a waje, har sai da aka samu ranar da gajimare ya rufe ya buɗe, ya faɗa daidai. Ranar da ya gamsu, ya tashi ya karɓi sandarsa ya ce kada in riƙe shi. Ya kama hanyar gari yana karatu a hankali, ina biye da shi a baya. Tafiyar da alwalar suka cinye ɗan jinkirin da ake yi bayan zawali. Saurayin nan mai agogo, Allah ya yi masa albarka, yana ganin Baba ya nufo dakali ya ja da baya. Da Baba ya ɗaga murya, mata suka leƙo ta kan katanga. Ni kuwa na tsaya a gindin bedi ina kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Daga ranar zancen bauta ya mutu. Waɗanda suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba su ne suka riƙa zuwa a kunna musu su ji. Makiyaya in sun zo wucewa ta burtali sai su tsaya su gaishe da Baba ta taga. Dakta da Baba suka zama abokai, ban san da wane harshe ba. Dakta ya gama taswirarsa ta farko, ya kawo wa Baba, ya ɗora yatsansa a kan takardar yana nuna masa inda rana ta fi ƙara, Baba yana gyaɗa kai kamar yana gani.

Ƙarshen shekarar ne Dakta ya zaunar da ni. Wa'adinsa ya cika, ya samu wuri a wata babbar tashar sauraron sama a ƙasar waje, kuma an ba shi damar ya tafi da ɗalibi ɗaya ya yi karatun digirin dakta. Ni ya zaɓa. Ya kuma gaya mini gaskiya: in na tafi, jami'a za ta kwashe kayan, don ba ta da wanda zai zauna a ƙauye. In na zauna, za a bar tashar a hannuna a matsayin ƙaramin ma'aikaci, in riƙa aika musu takardun allura. Ba zan ɓoye muku ba, ina son tafiyar nan kamar raina. Har na je Kano na ɗinka kwat. Na yi tunanin in koya wa wani aikin tashar, amma kunnawa ce kaɗai mai sauƙi. Gara tana cin sanduna, tsawa tana ƙona akwati, waya ɗaya in ta saki sai tsagar ta karkace ta yi maka ƙarya ba ka sani ba. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Na yi kwanaki ina kai da kawowa, kullum da hantsi ina hango Baba daga nesa yana tahowa da sandarsa, shi kaɗai, ya san kowane dutse a hanya. Wata rana ina kallonsa haka na ji zuciyata ta kwanta, na je na ba Dakta haƙuri.

Zancen duniya ba ya ɓuya, Baba ya ji. Muna zaune a ɗakin kwano muna jiran zawali ya ce an gaya masa na ƙi tafiya, kuma shi bai roƙe ni ba, in tashi in bi arzikina.

"Saboda ni ne?"

Na ce, "Saboda aikin ne, Baba. Taswirar ba ta ƙare ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi makaho ne amma ba wawa ba. Sannan ya lalubo kaina ya dafa, ya daɗe yana sa mini albarka, har sai da ƙarar ta taso ya ce in yi shiru.

Wani abokin karatuna ne ya tafi a madadina. Ya zama farfesa, sunansa ya shiga littattafai, kuma har ya rasu in ya zo Kazaure sai ya ƙaraso ya gaishe ni. Na yi masa murna da zuciya ɗaya, amma ƙarya nake in na ce ban taɓa jin wani abu ya soke ni ba in ya tafi. Kwat ɗin nan na sa ta ranar ɗaurin aurena da mahaifiyarku, zafi ya kusa kashe ni. Tashar ta yi shekaru a hannuna, har lantarki ya iso yankin, babura suka yi yawa, muryar rana ta nutse a cikin hayaniya, jami'a ta aiko aka kwashe. Amma Allah ya sa hakan bai faru ba sai bayan Baba. Duk sauran rayuwarsa shi ya kira azahar a garin nan, kuma bai sake kuskure ba.

Da bazara ya rasu, da safe, aka kai shi kafin rana ta yi zafi. Da muka dawo daga maƙabarta mutane suka zauna zaman gaisuwa, ni kuwa ƙafata ta ɗauke ni zuwa fako, don ban san inda zan sa kaina ba a wannan lokacin in ba can ba. Na kunna lasifika na zauna a ƙasa, ban iya hawa kujerar ba. 'Yan rakiya suka wuce, babbar ta taso ta tsaya ta kwanta. Na kashe, na kama hanyar gari ina karanta abin da na saba jin yana karantawa. Da na iso na yi alwala, na tarar mutane sun taru a gaban masallaci, dakali babu kowa, kowa yana jin nauyin hawa. Liman ya dube ni, ya nuna mini dakalin da haɓa. Na cire takalmi na hau.

Kun dai san muryata, ba sai na yabi kaina ba. Da aka idar na shiga gida, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin mata, idonta ya kumbura. Ta fuskanci bango kamar yadda ta saba, ta ce lokaci dai ya yi daidai, murya kuwa sai haƙuri. Matan suka yi dariya cikin hawaye. Sannan ta jawo kwano ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tunda ta haife ni.

"Ladan," in ji ta, "zo ka ci abinci."